Rumbunan Katako na Filayen Alkamar Kanada: Tarihin Jerin Inglis

Rumbun katako mai injin ɗaga hatsi dogon gini ne da ake kafawa a bakin layin dogo domin karɓar hatsi daga hannun manoma, a auna shi, a yanke masa daraja, a ajiye shi na ɗan lokaci, sannan a kwarara shi cikin taragon jirgin ƙasa ba tare da ya shiga buhu ba. Daga shekarun 1880 har zuwa kusan ƙarshen ƙarni na 20, babu ginin da ya kai shi tsawo a yawancin ƙauyukan filayen yammacin Kanada, wato lardunan Manitoba da Saskatchewan da Alberta. A shekarun 1930 adadinsu ya haura 5,700. Yau kaɗan suka rage, kuma inda aka fi ganin yadda suke a da shi ne ƙauyen Inglis a yammacin Manitoba, kusa da iyakar Saskatchewan, inda guda biyar ke tsaye a jere a gefen tsohuwar hanyar jirgi.

Ƙasar da aka gina waɗannan rumbuna a kanta shimfiɗaɗɗen fili ne mai ciyawa, mai ƙarancin itatuwa, wanda asalinsa mazaunin al'ummomin Cree da Saulteaux da Blackfoot da Assiniboine ne, da kuma Métis. Tsakanin 1871 da 1877 gwamnatin Kanada ta ƙulla jerin yarjejeniyoyi da yawancinsu waɗanda suka mayar da mafi yawan filin hannunta, a daidai lokacin da garken ɓaunar da suka dogara da ita ke ƙarewa. Dokar filaye ta 1872 ta ba duk baƙon da ya biya dala 10 gona mai eka 160, bisa sharaɗin ya zauna a kanta ya noma ta shekara uku. Kamfanin jirgin ƙasa na Canadian Pacific ya kammala layinsa daga gabas zuwa gaɓar tekun Fasifik a 1885, kuma daga 1896 baƙi suka riƙa kwarara daga Birtaniya da Amurka da gabashin Turai, musamman Yukren. Su kuwa asalin masu ƙasar da suka rungumi noma a keɓaɓɓun yankunansu, an ɗaure su da doka: ba su da ikon sayar da hatsinsu sai da takardar izini daga jami'in gwamnati. Saboda haka cinikin da ya gina rumbunan tun farko ba kowa aka buɗe wa ƙofarsa daidai ba.

Matsalar manomin wannan yanki ita ce nisa. Alkamarsa mai tauri ce, mai kyau ga burodi, kuma masu injinan fulawa a Ingila na son ta; amma tsakanin gonarsa da tashar jiragen ruwa ta Fort William a bakin tafkin Superior akwai ɗaruruwan kilomita, daga wasu wuraren fiye da dubu. Damina gajeriya ce. Ana girbi a Agusta da Satumba, kuma kafin tsakiyar Disamba tafkuna sun daskare, jiragen ruwa sun tsaya. Ke nan amfanin shekara guda dole ya bi ta siririyar hanya ɗaya cikin 'yan watanni. Da farko ana kawo alkama cikin buhuna zuwa wani ɗakin ajiya na ƙasa a bakin dogo, 'yan dako su yi ta jida, tarago ɗaya ya ci kusan yini kafin ya cika. Wanda ya san tarihin dalar gyada a Kano ya san wannan tsari: amfanin gona cikin buhu, an tara shi a bakin dogo yana jiran tarago. Bambancin shi ne a Kanada an yi watsi da buhun tun da wuri, aka mayar da hatsi abin da ake kwararawa, kuma wannan shawara ce ta haifi rumbun katako.

Dabarar ba a Kanada aka ƙirƙiro ta ba. Tun a shekarun 1780 Oliver Evans ya yi amfani da bel mai ɗauke da ƙananan gugaye a injin niƙansa a Amurka, kuma a 1842 zuwa 1843 wani ɗan kasuwa, Joseph Dart, tare da injiniya Robert Dunbar, suka gina rumbu mai aiki da tururi a tashar jiragen ruwa ta Buffalo. A yammacin Kanada, William Hespeler ne ya fara gina wani zagayayyen rumbu a Niverville a 1879, sannan kamfanin fulawa na Ogilvie ya gina mai kusurwa huɗu a Gretna a 1881, wanda fasalinsa ya zama abin koyi. Abin da ya yaɗa shi kuwa siyasar kamfanin jirgi ce. Canadian Pacific ya yi tayin ba da fili a gefen layinsa ga duk wanda zai gina rumbu mai cin aƙalla bushal 25,000, mai inji da na'urar tace hatsi. Bushal ɗaya na alkama ya ɗan haura kilo 27, don haka ana maganar kimanin tan 680 ke nan. A madadin haka kamfanin ya yi alkawarin cewa a duk tashar da irin wannan rumbu yake, ba zai karɓi hatsi daga ɗakin buhuna ko daga hannun manomi kai tsaye ba. Riba a fili take ga kamfanin jirgi: taragon da ke cin yini yanzu yana cika cikin ƙasa da sa'a guda, ya tafi ya dawo.

Tazarar da ke tsakanin rumbu da rumbu doki ne ya yanke ta. Ana kafa tasha kowane kilomita 11 zuwa 16 a kan layi, gwargwadon abin da manomi zai iya zuwa da amalanken dawakai cike da alkama ya koma gida kafin dare. A kowace tasha sai ƙauye ya tsiro: kanti, maƙera, otal, coci, makaranta, duk suna fuskantar jerin rumbuna a ƙetaren titi. Ƙauyukan sun yi yawa har kamfanin Grand Trunk Pacific ya riƙa raɗa musu suna bisa jerin haruffa, shi ya sa a taswirar Saskatchewan ake ganin Punnichy, Quinton, Raymore, Semans, can gaba kuma Watrous, Xena, Young, Zelma. Yawan rumbunan gari shi ne ma'aunin arzikinsa. Vulcan a Alberta ya yi suna da guda tara a layi ɗaya.

Ginin kansa ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan basirar take. Hatsin da aka tara a wuri mai zurfi ba ƙasa kaɗai yake dannawa ba, yana tura bango ta gefe, kuma bangon katako na gida ba zai jure ba. Sai magina suka ɗauki wata hanya mai cin katako amma mai ƙarfi: a kwantar da katako a kan faɗinsa, a ɗora wani a kansa, a buga dogayen ƙusoshi, a ci gaba sahu bisa sahu, ana sarƙa su a kusurwoyi, har bango ya zama dunƙulallen itace. A ƙasa, inda nauyi ya fi yawa, ana sa katako mai faɗin inci 6 ko 8, a sama kuma mai inci 4. Bangayen ciki ma haka ake yin su, su raba ginin gida-gida zuwa dogayen ɗakuna 16 ko 18 ko fiye, kowanne mai gangaren gindi domin hatsi ya zubo da kansa. Faɗin ginin kimanin mita 10 ne kowane gefe, tsawonsa kuwa ya haura mita 20. Gungun magina da ke bin layin dogo daga gari zuwa gari kan gama guda cikin 'yan makonni. Idan aka fara cika sabon rumbu sai katakon ya matse, ginin ya ɗan zauna, saboda haka ake cika shi a hankali ta kowane ɓangare daidai, don kada ya karkace. Daga waje a rufe shi da allunan katako ko kwano. Shekaru da yawa kusan duka jan fenti ɗaya ake shafa musu, irin na taragon jirgi, da sunan kamfani da na gari da manyan fararen haruffa. Sai daga baya kowane kamfani ya zaɓi launinsa.

Aikinsa a sauƙaƙe yake. Manomi ya shigo da amalanke, daga baya mota, ta wata rumfa da ke manne da ginin, ya tsaya a kan babban sikelin da aka shimfiɗa a daɓe. A auna shi da kaya, a ɗaga gaban amalanken hatsi ya zube ta cikin ragar ƙarfe zuwa wani rami, a sake auna shi wayam, bambancin shi ne nauyin hatsi. Daga ramin, wani dogon bel mai jere da gugayen ƙarfe, wanda ma'aikata ke kira ƙafa, yana kamfatar hatsin ya hau da shi har ƙololuwar gini, cikin ɗan ɗakin nan da ke ɗare a kan rufi wanda ya ba rumbun siffarsa ta musamman. A can akwai bututu mai juyawa da ma'aikaci ke sarrafawa daga ƙasa da wani gargare mai lambobi, ya nufar da hatsin ɗakin da yake so. Daga nan sai nauyin hatsi ya yi sauran aikin. Ranar lodi a buɗe gindin ɗaki, hatsi ya zubo, a auna shi a wani sikeli na biyu, a sake hawar da shi, ya gangaro ta wani bututu zuwa cikin tarago. Mutum ɗaya ke tafiyar da wannan duka, sai a lokacin kaka ya sami mataimaki. Domin hawa sama akwai wani ɗan dandamali mai igiya da nauyin daidaitawa, wanda mutum ke ja da hannunsa.

Babban maƙiyin ginin wuta ce. Ƙurar hatsi da ke yawo a iska tana kamawa kamar albarushi, kuma dogon ginin katako mai rami a tsakiya yana jan wuta sama cikin ƙanƙanen lokaci. Ƙarfen da ya yi zafi saboda rashin mai, ko tsawa, ko tartsatsin jirgi, kowanne ya isa. Shi ya sa ake ajiye inji da murhun ɗumama a wani ɗan gini daban, wanda kuma shi ne ofis, a haɗa su da rumbun ta bel ko igiya. An fara da dawakai da tururi, aka koma injin fetur da na dizal, sai lantarki bayan ya isa karkara a wajen shekarun 1950.

Amma abin da ya fi muhimmanci a rumbun ba injin ba ne, abin da ke faruwa ne a kan sikeli. Da zarar alkamar manomi ta faɗa rami ta gauraya da ta maƙwabtansa, ba za a sake gane ta ba. Abin da ya rage a hannunsa takarda ce mai ɗauke da abu uku: nauyi, daraja, da kason da aka zabge saboda ƙaiƙayi da irin ciyawa da ƙasa. Wakilin kamfani ne ke karanta sikeli, shi ke damƙar hatsi ya duba ya ce lamba ɗaya ce ko lamba uku, shi ke faɗin abin da za a zabge. Tsakanin daraja da daraja akwai bambancin farashi da kan iya cinye ribar shekara. Manomin da ya yi tafiyar rabin yini cikin sanyi, ga bashin kanti da na injin girbi na jiransa, ba ya da halin ya juya da kayansa. Ko da gari na da rumbuna huɗu, sau da yawa farashi ɗaya suke bayarwa, wanda ake aiko musu ta wayar tangaraho daga Winnipeg, inda aka kafa kasuwar hatsi a 1887. Wani salon da manoma suka fi kuka da shi shi ne wakili ya ce ɗakin lamba ɗaya ya cika, sai dai a karɓa a matsayin lamba biyu. Ba kowane zargi ne gaskiya ba, kuma wakilai da yawa mutanen gari ne da ake zaman mutunci da su. Amma tsarin ya sa mai saye shi ne alƙali, kuma wannan kaɗai ya isa ya haifar da rashin yarda.

Daga wannan rashin yarda siyasar yankin ta tsiro. Bayan wani kwamitin bincike na 1899, aka yi dokar hatsi ta Manitoba a 1900, wadda ta sa ido a kan sikeli da daraja, ta kuma ba manomi damar loda taragonsa da kansa daga wani dandamali a tasha. A 1901 aka yi yabanya mai yawa, taragu suka yi ƙaranci, rumbuna suka cika, alkama ta yi ta lalacewa a gonaki. A watan Disamba na shekarar manoma suka taru a Indian Head suka kafa ƙungiyar manoman hatsi ta yankin, W. R. Motherwell na kan gaba. A 1902 aka gyara doka aka ce a raba taragu bisa wanda ya fara rubuta sunansa a littafin tasha. Da wakilin Canadian Pacific a ƙauyen Sintaluta ya ci gaba da fifita kamfanonin rumbu, ƙungiyar ta kai ƙara ta yi nasara, aka ci tarar dala 50. Kuɗin ba komai ba ne ga kamfanin, amma hukuncin ya nuna wa manoma cewa ana iya kayar da shi a kotu. Dokar hatsi ta Kanada ta 1912 ta kafa hukumar sa ido ta tarayya, kuma a ƙarƙashin dokokin hatsi manomin da bai yarda da darajar da wakili ya ba shi ba yana iya sa a aika samfuri wa sufeton gwamnati ya yanke.

Mataki na gaba shi ne manoma su mallaki sikelin da kansu. E. A. Partridge, shi ma mutumin Sintaluta, ya jagoranci kafa kamfanin manoma na Grain Growers' Grain Company a 1906. Gwamnatin Manitoba ta gwada sayen rumbuna a 1910, ta yi asara, ta ba kamfanin manoman hayarsu a 1912. Saskatchewan ta kafa kamfanin rumbuna na gama-kai a 1911, Alberta a 1913, kuma a 1917 na Alberta ya haɗe da na Partridge suka zama United Grain Growers. Bayan farashi ya faɗi a farkon shekarun 1920, sai aka kafa ƙungiyoyin tara alkama wuri ɗaya a sayar tare, Alberta a 1923, Saskatchewan da Manitoba a 1924. Manomi ya sa hannu zai kai musu alkamarsa shekara biyar, a ba shi kafin alƙalami lokacin kaka, a cika masa bayan an sayar. A 1926 ƙungiyar Saskatchewan ta saye kamfanin gama-kai na lardin da rumbunansa fiye da 400. Karyewar farashi ta 1929 ta same su sun biya manoma fiye da abin da alkamar ta sayu, har sai da gwamnatoci suka tsaya musu, suka janye daga sayar da alkama a ƙasashen waje suka tsaya ga harkar rumbuna. Aikin sayarwa ya koma hannun hukumar alkama ta Kanada da aka kafa a 1935, wadda daga 1943 ta zama ita kaɗai ke sayen alkamar yankin.

A tsakiyar wannan zamani Inglis ya samu. Ƙauyen ɗan jirgi ne: reshen layin Canadian Pacific daga garin Russell ya iso wurin a 1922, kuma a shekarar kamfanoni huɗu suka kafa rumbuna, wato N. M. Paterson, Northern Elevator, Matheson-Lindsay da United Grain Growers. Na United Grain Growers ya ƙone, aka sake gina shi a 1925. Na Matheson-Lindsay ya canza hannu har ya faɗa hannun kamfanin Reliance, wanda ya gina na biyar a jikinsa a 1941. Jerin ya tattara irin masu ruwa da tsaki na cinikin: kamfanin iyali mai cibiya a Fort William, kamfanoni masu jerin rumbuna a tashoshi da dama, da kamfanin manoma, daga baya ƙungiyar tara alkama ta Manitoba ma ta shigo ta hanyar saye. Ginin 1941 ba haka kawai ya zo ba. Yaƙin duniya na biyu ya rufe kasuwannin Turai, alkama ta taru ba mai saye, aka shiga gina ƙarin ɗakunan ajiya a jikin rumbuna ko'ina a yankin, aka kuma fara ƙayyade wa kowane manomi abin da zai kawo, ana rubutawa a ɗan littafin izini da yake zuwa da shi.

Ga ƙauye irin Inglis rumbu ya wuce wurin sayar da hatsi. A ofishin wakili ake sayen gawayin kwal na hunturu, da fulawa, da igiyar ɗaurin dami, daga baya takin zamani da maganin ciyawa. A nan ake jin farashi da labarin yaushe taragu za su iso. Harajin da kamfanonin rumbu ke biya babban kaso ne na kuɗin shigar ƙaramar hukuma. Manomin da ya karɓi takardar kuɗinsa ƙetare titi kawai zai yi ya kashe ta a kantunan gari. Wannan alaƙa ce ta sa rufe rumbu yakan zama farkon mutuwar gari.

Abubuwa uku suka kashe tsarin, kuma babu ɗaya cikinsu da ya shafi ingancin ginin. Na farko mota da titi mai kyau: da doki ya tafi, dalilin kafa rumbu kowane kilomita 15 ya tafi tare da shi. Gonaki suka yi ta girma, manoma suka yi ta raguwa, kamfanoni suka yi ta haɗewa, wanda ya sami rumbu uku a gari ɗaya ya rufe biyu. Na biyu tarago: daga 1972 gwamnati ta fara sayen manyan taragun ƙarfe da ake cikawa ta sama a zazzage ta ƙasa, waɗanda nauyinsu ya fi ƙarfin tsofaffin rassan dogo, kuma gajeren layin gefen rumbun katako ba ya ɗaukar fiye da 'yan kaɗan. Na uku, wanda ya fi sauran nauyi, kuɗin dako ne. Tun yarjejeniyar Crow's Nest Pass ta 1897, wadda majalisa ta mayar doka a 1925, an daskarar da kuɗin ɗaukar hatsi a jirgi. Zuwa shekarun 1970 kamfanonin jirgi na cewa asara suke yi a kan kowane tarago, suka daina gyara rassa. Kwamitin mai shari'a Emmett Hall ya ba da rahoto a 1977 kan waɗanda za a riƙe da waɗanda za a bari. A 1983 aka mayar da tsarin ya zama tallafin gwamnati, a 1995 aka soke tallafin baki ɗaya, aka raba wa masu gonaki dala biliyan 1.6 sau ɗaya. Daga nan kamfanonin jirgi suka riƙa yin rangwame ga wanda zai loda taragu 50 ko 100 a wuri ɗaya, abin da rumbun katako ba zai taɓa iyawa ba.

Magajinsa shi ne katafaren rumbun kankare da ake ginawa a wajen gari, a kan babban layi, mai cin tan dubu goma-goma. Ɗaya daga cikin na farko manoma ne da kansu suka gina shi a Weyburn a 1976, abin da ke nuna cewa ba dukan manoma ne suka yi adawa da sauyin ba; manyan manoma sun ga riba a ciki. Kuɗin dako dai bai ɓace ba, wuri ya canza: abin da jirgi ke yi a da yanzu tirela ke yi, manomi ke biyan mai, ƙaramar hukuma ke gyaran titi. Ƙungiyoyin manoman ma ba su tsira ba. Ta Saskatchewan ta shiga kasuwar hannun jari a 1996, ta Alberta da ta Manitoba suka haɗe a 1998 suka zama Agricore, wanda ya haɗe da United Grain Growers a 2001, sannan ta Saskatchewan ta saye su a 2007 aka sami Viterra, wanda kamfanin Glencore ya saye a 2012. A shekarar ce kuma hukumar alkama ta rasa ikonta na zama mai saye ita kaɗai. Rumbunan karɓar hatsi masu lasisi a yankin yanzu ba su kai 500 ba, mafi yawansu kankare da ƙarfe, amma hatsin da ke bi ta cikinsu ya ninka na zamanin katako, kuma daga cikinsa ne ake samun alkamar Kanada da ke isowa injinan fulawa na Najeriya.

A ƙarshen shekarun 1990 da farkon 2000 aka yi ta rusa na katako ɗari-ɗari. Kamfanoni sun fi son rusawa a kan sayarwa, saboda haraji da inshora da hayar filin jirgi, da kuma gudun kada wani ya saya ya zama kishiya. Yawanci a sare gindin ginin ta gefe ɗaya, a ture shi da katafila, a cinna wa tarkacen wuta a rami.

Inglis ya tsira ne ta wata hanya mai ban mamaki. Reshensa gajere ne, a can ya ƙare, kuma shekaru da dama ana raɗe-raɗin za a rufe shi, don haka babu kamfanin da ya ga dalilin zuba kuɗi ya sabunta rumbunsa ko ya rushe ya gina babba. Sakacin da aka yi musu shi ya bar su da fasalinsu na asali, da ofisoshinsu da ƙarin ɗakunan ajiyarsu. Da aka rufe layin a 1995, mutanen ƙauyen suka kafa kwamiti suka nemi a bar musu gine-ginen, kuma a 1996 gwamnatin tarayya ta sanya jerin cikin wuraren tarihi na ƙasa. Aikin gyara ya ɗauki shekaru: sabunta rufi, gyara harsashi inda ruwa ya ci katako, sauya allunan bango, da mayar wa kowanne fenti da sunan kamfaninsa. An mayar da na Paterson wurin da baƙi ke shiga su ga sikeli da rami da ƙafa.

Sanya gini cikin jerin tarihi ba ya kare shi daga wuta. Rumbun Fleming a Saskatchewan, wanda kamfanin Lake of the Woods Milling ya gina a 1895, shi ne mafi tsufa da ke tsaye a inda aka kafa shi, kuma mutanen garin sun yi nisa da gyaransa lokacin da aka cinna masa wuta a watan Fabrairun 2010. Na Elva a Manitoba, ginin 1897, ya ƙone a 2022 ana cikin kwance shi domin a ceci katakonsa. Sauran da ke tsaye sun kasu kashi-kashi: wasu an mayar da su gidajen tarihi, kamar na Nanton a Alberta, wasu manoma sun saye suna ajiyar hatsinsu ko tace iri, wasu kuma an kwance su ana sayar da tsohon katakon, wanda gogar hatsi ta shekaru ta sassaƙe, ga masu yin daɓe da kayan ɗaki. Inda aka riƙe su, nauyin fenti da rufi da inshora yana kan ƙauyuka masu mutane 'yan ɗaruruwa, da tallafin da suke samu lokaci-lokaci daga lardi da tarayya.